Ba Ke, Ba Kai

Tun daga watan Rajab na shekarar da ta biyo bayan yaƙin Kuwait, ba wanda ya ƙara ce wa Jidda "ke" cikin iyalin Alhaji Ya'u, ba kuma wanda ya ce mata "kai". Wani zai ga kamar ƙaramin abu ne. To ya gwada yi wa ɗansa magana yini guda babu "kin", babu "ka", ya ga abin da zai rage a bakinsa. Umarni ne kawai zai rage. Tashi. Ɗauki. Hau sama. Yi shiru. Da irin waɗannan aka riƙa yi wa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu magana a gidan ubanta, a Harra ta Gabas, cikin birnin Madina. Har yau idan na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Ni kaina da nake ba da labarin, Hausar ba ta ƙyale ni ba. Zan riƙa cewa "ta" don da shi na san ta, ba don na fi iyayenta sanin gaskiyar lamarin ba.

Sunana Zuliha, Bakatsiniya, ma'aikaciyar jinya. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Harra. Duk ranar Alhamis da la'asar, idan marasa lafiya suka ragu, nakan tara 'yan matan Hausawan unguwar a ɗakin baya, mu dafa shayi, mu yi maganar da iyayensu mata ke jin nauyin yi musu: al'ada, tsabta, ƙurajen fuska, ciwon mara. Dukansu haifaffun nan ne. Kina yi musu Hausa suna mayar miki da Larabci, kuma Abla suke kirana, kamar yadda suke kiran malamansu mata a makaranta. Jidda takan zo da yayarta Mimi, ta zauna can ƙarshen benci. Doguwa ce, kafaɗunta sun fara buɗewa, kuma ba ta ɗage niƙabi ko da babu namiji a ɗakin.

Wata Alhamis wata yarinya ta tambaye ta ko ta ga cokalin sukari. Ta amsa, muryar ta fito mata da kauri, ta karye a tsakiya. Ɗakin ya kaure da dariya.

"Wa ya shigo mana da namiji?" in ji wata mai rawar kai.

Mimi ta fi kowa dariya, irin dariyar wadda kunya ta kama. Na tsawata musu, muka ci gaba. Da aka watse Jidda ta ƙi tashi. Ta jira har takun ƙafar ƙarshe ya ɓace, sannan ta ce, "Abla, na gaji."

Da Hausa ta faɗa, ni kuwa ban taɓa jin Hausa a bakinta ba. Daga baya na gane dalili. A Larabcinsu ko gajiya sai mutum ya faɗi jinsinsa, mace ta ce ta'bana, namiji ya ce ta'ban. Hausa kuwa in dai kanka kake faɗa ba ta tambayarka komai. Tun daga ranar, duk maganar da ta shafi jikinta da Hausa take yi mini, Hausa mai gargada, ta yaron da ya ji a gida bai taɓa furtawa ba.

Ta ɗage niƙabin. Haɓarta duk yanka ne na tsohuwar reza. Ta ce ƙawayenta duk sun fara al'ada ban da ita, ta ce jikinta yana sauyawa ta hanyar da ba ta ga na Mimi ya bi ba. Sannan ta dafe gefen mararta ta ce akwai wani kumburi da ke fitowa in ta yi tari ko ta ɗaga bokiti, ya koma in ta kwanta, kuma kwanan nan ya fara ciwo.

"Abla, ni wace ce?" ta ce. "Ko wane ne zan ce?"

Na riƙe hannunta na ce ban sani ba, amma akwai masu sani, kuma ba ita ce ta farko da Allah Ya yi haka ba. Na ce ta zo da mahaifiyarta.

Mahaifiyar, Tasallah, ta zo da ita ranar Asabar. Likitan yaranmu, Dakta Zainulabideen, dattijo ne mutumin Zariya, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi. Ya duba Jidda ina tsaye, sannan ya zaunar da uwar ya ce mata abu biyu ne. Na farko halitta ce, wasu yaran ana haihuwarsu jikinsu bai fito fili ba, sai lokacin balaga abin ya bayyana. Wannan yana buƙatar gwajin jini da hoto a babban asibiti, sannan a zauna da yaron da iyaye da malamai a tsanake, babu gaggawa. Na biyu shi ne na gaggawa. Kumburin nan hanji ne ke leƙowa ta wata kafa a bangon ciki, kuma ranar da ya leƙo ya ƙi komawa, ranar ana maganar rai. Aiki za a yi, ba kuma za a yi ba sai uba ya sa hannu.

Duk wannan bayanin, kalma ɗaya Tasallah ta ji, ita ma ita ta kawo ta da kanta.

"Likita, mata-maza na haifa ke nan?"

"Hajiya, ɗa kika haifa, amanar Allah. Ki turo mini maigidan."

Ta fita tana salati, Jidda na bin ta a baya. A bakin ƙofa na ga ta miƙa hannu za ta kama na yarinyar kamar yadda ta saba, sai ta mayar da shi cikin abaya.

Alhaji Ya'u dabino da carbi yake sayar wa masu ziyara a gindin dutsen Uhudu. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce yaro bai cika masa hannu da dabino ba. Ya zo washegari, ya saurari likita da ladabi, yana ta gyaɗa kai. Da likita ya gama sai ya juyo gare ni, wataƙila ya ga ni zan fi sauƙin lanƙwasawa.

"Sista, Allah Ya saka da alheri. Amma ke ma baƙuwa ce a ƙasar nan, kin san zaman da muke yi. A iƙama, takardar izinin zamanmu, mace aka rubuta. In aka je mustashfa, babban asibitin nan, aka ce ba haka ba ne, wa zai tsaya gaban hukuma ya yi bayani? Kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, zai ji. 'Yan'uwanmu da ke shara a can za su ji. Wallahi kafin magariba duk Harra ta ji."

"Alhaji, ba maganar iƙama ake yi ba. Hanji ne, zai iya maƙalewa."

"Na ji, na ji. Amma bikin Mimi ya matso. Dangin angon mutanen unguwar Al-Sih ne, gidan mutunci, sun karɓe mu a yadda muke. A ce musu ƙanwar amarya..." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Bayan biki, in sha Allahu. Da hannuna zan kawo."

"Zan kawo" ya ce, ya tsaya nan. Bai ce "ta" ba, bai ce "shi" ba.

Alhamis ta zo babu Jidda, wata ta zo babu ita. Na sa abayata na bi lungunan Harra har gidan. Tsohon gini ne na baƙin dutse, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, sai wani akurki a kan rufi inda Ya'u ke jibge kwalayen dabino. Can aka mayar da ita. An cire ta daga makaranta. Hujjar Ya'u ita ce, in namiji ne bai kamata ya kwana ɗakin 'yan mata ba, in mace ce bai kamata ta kwana falo da ƙannenta maza ba, don haka sai sama. Lokacin sanyi ne, sanyin Madina mai shiga ƙashi, ƙofar akurkin kuwa kwano ce da ba ta rufuwa sosai.

Ina zaune a tsakar gida Tasallah ta zuba shinkafa a kwano, ta gyara ɗankwalinta ta rufe gashinta ruf, ta hau rabin matakala ta ajiye.

"An tashi?" ta ce da ƙarfi. "Ga abinci nan, a sauko a ɗauka."

A sauko a ɗauka. Kamar da suruki take magana, ko baƙon da ya kwana a zaure. Uban yana ba da umarni, uwar tana "a yi", "an yi", sunan Jidda ma ya fita daga bakinsu, don sun ce ba su san ko sunan ya halatta ba.

"Tasallah, gashin me kike rufewa?" na ce. "Ko namiji ne ai ke kika haife shi. Nonon wa ya sha?"

Ta fashe da kuka. Ta ce ni ba zan gane ba, ita ba ta iya haɗa ido da abin da ta haifa, in ta kalli fuskar sai ta ga baƙo. Ta ce ita mace ce, iƙamarta tana aljihun Alhaji, ko bakala, kantin bakin layi, ba ta zuwa sai ya sani. Ta ce in yi haƙuri, bayan biki ne kawai. Na ji tausayinta, na kuma ji kamar in girgiza ta har haƙoranta su haɗu.

Sannan ga Gwaggo Indo, yayar Ya'u, wadda ta shekara aru-aru a Madina tana lalle da gyaran amare. Ita ta karɓi aikin. Ta ce likitoci neman suna suke yi, ta gyara amaren da suka fi wannan muni. Takan dafa sukari da lemon tsami ya yi danƙo, ta hau sama ta manna a haɓar yarinyar ta fizge, har fatar ta saluɓe. Ta samo ƙwayoyin tsarin iyali a wani kantin magani tana ɗura mata da yawa a lokaci guda, wai su za su fito da macen da ta ɓuya a ciki. Na ɗauki fakitin na nuna mata cewa wannan ba maganin yara ba ne, zai iya illata ta.

"Ke 'yar nan, yaushe kika zo ƙasar?" ta ce. "Mu muka san aibi a nan. Ki tsaya a allurarki."

Na kwashe ƙwayoyin na tafi da su, ta sayo wasu. Jidda ta riƙa amai kusan kullum, har amai ya zama ba labari ba ne a gidan. In an ji kakari daga sama sai Indo ta ce magani ne ke aiki.

Aka yi bikin Mimi. Mata suka cika gidan, turaren wuta har titi, aka sa kwaɗo a ƙofar matakala aka ce wa baƙi ƙanwar amarya ƙarambau take yi. Mimi ta tafi gidan miji ba ta hau ta yi mata sallama ba. Da hayaniya ta lafa na tare Ya'u a ƙofar gida na tuna masa alkawari. Ya ce ai ga azumi ya kawo kai, masu Umara sun fara cika gari, wannan ne lokacin da talaka ke samun na shekara, kuma amarya ba ta gama zama a ɗakinta ba, magana ƙanƙanuwa za ta iya dawo da ita. Bayan Salla, in sha Allahu.

Cikin azumin na riƙa zuwa da la'asar in na tashi aiki. Ba su hana ni ba, ina jin sauƙi suka samu da akwai mai hawa. Nakan same ta jingine da katangar rufin, ta rame, tana kallon hasumiyoyin masallacin Harami daga nesa. Da can takan bi uwarta ɓangaren mata su sha ruwa a can. Yanzu ko sallar da Ya'u ke ja wa iyalinsa a gida ba a kiranta, don ba a san sahun da za a sa ta ba.

Rannan na kasa daurewa na tambaye ta abin da ya kamata a ce iyayenta sun tambaya tun farko.

"Jidda, ke zan ce ko kai?"

Ta ce wani lokaci in ta ji muryarta sai ta ji kamar ta wani ce, wani lokaci kuma sai ta ji wannan ce tata ta gaskiya, waccan ta da ce aro. Ta ce takan yi mafarki tana cikin farar jallabiya tana tafiya a titi ba niƙabi, ta farka da murna, sannan tsoro ya kama ta ko zunubi ne. Wani lokacin kuma ba abin da take so kamar a yi mata kitso a kan cinyar Umminta.

"Ban sani ba, Abla. Shi ya sa nake so likita ya duba. Amma ki ce ko wanne. Yau ki ce ke, gobe ki ce kai. Ni dai in ji da ni ake."

Haka muka riƙa yi. Yau in hau in ce, "Ke Jidda, kin sha ruwa da me jiya?" Gobe in ce, "Kai malam, ka share ɗakin nan kuwa?" Sai ta yi dariya ta dafe gefen mararta, don dariyar ma ciwo take sa mata. Ita ce kaɗai dariyar da na ji a bakinta a duk watannin. Ranar da zan tafi kuma ta riƙe gefen abayata ta ce, "Abla, in na mutu su wa za su yi mini wanka, mata ko maza?" Na ce ta rufe mini baki, na sauko.

Na koma wajen Dakta Zainulabideen na ce in ba a yi wani abu ba za mu rasa yaron nan. Ya ɗauki limamin masallacin layin su Jidda, Malam Idrisa, bayan ya rantsar da shi kan riƙe sirri, suka sami Ya'u. Likita ya ba ni labari daga baya. Malam ya gaya wa Ya'u cewa malamai sun yi rubutu kan masu irin wannan halitta tun da daɗewa, sun ba su wurin tsayawa a salla, sun ba su kasonsu na gado, ba wanda ya ce a jefa su kan rufi, kuma neman magani wajibi ne a kansa. Ya'u ya yi kuka har da majina, ya ce wallahi ba ya barci, ya ce ya fi kowa son abin da ya haifa. Sannan ya ce alhazai sun fara sauka, rumfarsa ba mai tsare masa, kuma Mimi ta sami ciki, kada tashin hankali ya zubar mata. Bayan Hajji. Wannan karon har da rantsuwa.

Littafin fiƙihu ya ba yaro sahu, gidan ubansa ya hana shi. Na rasa wanda zan kai wa ƙara. In na kai wa hukuma, iyali guda za a iya tasa ƙeyarsu zuwa ƙasar da yaran ba su taɓa gani ba, aikin kuma ba a yi ba. In na ɗauko ta da kaina, ba likitan da zai taɓa ta babu hannun uba tunda tana tafiya da ƙafarta. Na koya wa Tasallah alamomin haɗari, na maimaita mata har ta haddace: in kumburin ya ƙi komawa, in ya yi tauri, in ciki ya ɗaure, ta rugo ko da tsakiyar sallar Juma'a ce. Ta ce to.

Zafi ya shigo. Wanda bai san zafin Madina a watan Hajji ba, ya taɓa murfin tukunya a kan wuta ya ji. A cikin akurkin kwanon nan Jidda ke yini. Aiki ya yi mana yawa a asibiti, alhazai na faɗuwa saboda rana, aka hana mu hutu, na yi kwanaki ban leƙa gidan ba. Ya'u kuma ya tare a Uhudu, can yake kwana a rumfa.

Wata rana ana kiran azahar Tasallah ta faɗo asibitin, abayarta a bai-bai, takalmi ƙafa ɗaya.

"Sista, amai ya ƙi tsayawa. Yau kore ne. Cikin ya kumbura, an daina magana."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Yaya Indo ta ce ƙwayoyin ne, ta ce kada in tayar wa Alhaji hankali yana tsakiyar kasuwa."

"Kumburin fa? Ba na gaya miki ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban duba ba. Ban iya buɗe jikin ba."

Muka ɗauki motar asibiti ni da likita. Mun same ta kwance a tabarma tsakanin kwalayen dabino, leɓunanta sun tsage, idanu sun faɗa, ƙudaje na bin kwanon aman. Kumburin ya yi tauri kamar dutse, ya yi baƙi. Dakta Zainulabideen, da furfurarsa da ciwon bayansa, shi ya goya ta ya sauko da ita, Indo na tsaye a tsakar gida tana cewa a rufa mata mayafi kada maƙwabta su gani.

A mota na ɗora kanta a cinyata. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Abla, yi magana."

Na yi ta yi. Na ce ke Jidda kin kusa warkewa, kai Jidda ka daure, ke ce 'yar gidana, kai ne jarumina, za ki koma makaranta, za ka sa farar jallabiyar nan in kana so. Ban san me nake faɗa ba. Tasallah na gefe tana kuka ba sauti, bakinta na motsi, amma har muka isa ba ta iya fitar da kalma ɗaya zuwa ga abin da ta haifa ba.

A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba, kai tsaye ɗakin tiyata suka wuce da ita. Aka aika Uhudu. Ya'u ya iso jallabiyarsa duk danƙon dabino, ya sa hannu a takarda ko karantawa bai yi ba. Ban taɓa ganin sa hannu mai sauri irin wannan ba, abin da muka yi watanni muna roƙo. Likitan tiyatar ya fito ya ce hanjin ya riga ya mutu ya ruɓe, gubar ta shiga jini, sun yi abin da za su iya.

Washegari da hantsi aka bar Ya'u ya shiga. Ina tsaye a bakin gadon. Ta yi ƙanƙanuwa a cikin farin zanen, robobi ta hanci ta baki, ba ta san wanda ke kanta ba. Ya tsaya yana kallonta, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Na zuba masa ido ina jira, ina roƙon Allah a zuciyata ya ce ko wanne.

"Tashi," ya ce.

Ya kama ƙarfen gadon.

"Tashi mana. Tashi mu tafi gida."

Shi ke nan abin da ya rage a bakinsa. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Mata ne suka yi wankan, tunda haka iƙama ta ce. Aka kai ta masallaci tare da gawawwakin alhazan da zafi ya kashe, mai sanarwa ya kira salla a kan mamata a jimlace, bai ware namiji ko mace ba. Ko a nan ma asirin Ya'u ya rufu. A zaman makoki aka ce ciwon ciki ne na farat ɗaya. Mata suka cika tsakar gidan nan, kowa na cewa Allah Ya jiƙanta, Allah Ya sa ta huta, yarinya mai kunya, ko muryarta ba a ji. Tasallah na amsawa da amin. Indo ta fi kowa kuka, tana cewa 'yata, 'yata. Ina zaune ina jin "ta" da "ita" suna zuba daga kowane baki kamar ruwan famfo. Da ta mutu kowa ya san abin da zai ce.

Na rubuta wannan ne don na san ba gidan Ya'u kaɗai ke da matakala ba. Tun daga lokacin na ga wasu yaran, a Madina da gida Najeriya, masu tambaya irin ta Jidda, wasu a jikinsu take, wasu a zuciyarsu. Ban taɓa ganin wanda tambayar ta kashe ba. Abin da na ga yana kashe su shi ne bikin wance, da bakin maƙwabta, da bayan Salla, da bayan Hajji. Muna kiran abin rufin asiri, muna alfahari da shi, alhali yaro ne muke rufewa da ransa. Iyaye ba sai sun san amsa ba. Ni ma ban sani ba, likita ma ya ce sai an duba. Amma hawa matakala a zauna kusa da yaro a kira sunansa, wannan ba ya buƙatar gwajin jini.

Bayan alhazai sun watse Ya'u ya zo asibitinmu wata Alhamis, 'yan matana na ɗakin baya suna jirana. Ya tsufa a 'yan makonnin nan, rawanin ma a karkace yake. Ya ajiye kwalin dabino ya ce sadaka ce, a raba wa yara. Ya yi ta murza carbi, ya ƙi tafiya.

"Sista, tambaya gare ni. Su da suka yi aikin, ai sun gani. Ba su gaya miki ba? Mace ce ko namiji?"

"Sun ce ba abu ne da ake yankewa da kallo ɗaya ba, sai da gwajin. Gwajin kuwa kai ka san inda ya tsaya."

Hawaye ya zubo masa. "Addu'a nake so in yi. In na ɗaga hannu sai in rasa me zan ce, Allah Ya jiƙanta ko Allah Ya jiƙansa. Sai in yi shiru in shafa."

Na so in tausaya masa. Wallahi na so. Amma na tuna kwanon shinkafa a rabin matakala.

"Alhaji, faɗi ko wanne," na ce. "Wanda kake roƙo Ya san abin da Ya halitta, ba Ya jiran bayaninka. Mai jiran ka kira yana kan rufin gidanka tun Rajab, ba ka hau ba."

Na bar shi tsaye da kwalinsa, na shiga wajen yaran. Ƙarshen bencin nan ba wadda ta yarda ta zauna a wurin.